Alton Towers: Da Gurguwar Ƙafa da Ɗanyen Ɗori a Dandalin Lilo

A tsakiyar Ingila, cikin gundumar Staffordshire, akwai wani tsohon gidan sarauta a kan tudu, kewaye da kurmi da kwaruruka, wanda a yau ya zama dandalin wasannin lilo mafi suna a Birtaniya. Alton Towers ake kiransa. Asalinsa gidan zuriyar Talbot ne, masu riƙe da sarautar Shrewsbury. A farkon ƙarni na 19 ne Charles Talbot, na 15 a jerin waɗanda suka riƙe sarautar, ya zuba dukiya ya mayar da kwarin da ke gefen gidan lambu na gani na faɗa, magajinsa kuma ya ɗauko Pugin, gwanin zanen ginin nan da ya ƙawata majalisar dokokin Birtaniya, ya ƙara wa gidan fasali. Gidan ya fita daga hannun zuriyar a 1924, sojoji suka zauna cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya koma kusan kango. A 1980 aka kafa Corkscrew a harabarsa, wato jirgin lilo: 'yan taragu masu gudu a kan murɗaɗɗen dogo, su hau da mutum sama, su sako shi, su juya shi kai a ƙasa. Daga nan wurin ya sauya sana'a.

Hukumomin yankin ba su yarda abin wasa ya zarce tsawon itatuwan wurin ba, don kada a ɓata wa ƙauyukan kewaye kyan gani. Da aka hana masu dandalin hawa sama, sai suka nutsa ƙasa, suka fasa dutse, suka haƙa ramuka, suka binne rabin dogon jiragensu. Mai ƙafafu biyu lafiyayyu zai yaba wa dabarar ya wuce. Mai dogara sanda kuwa tun daga bakin ƙofa zai gane cewa wuri ne na hawa da gangara, kuma tsakanin wannan lilo da wancan akwai tafiya mai cin rai.

Ina cikin masu sandar. Shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu tun ina ɗan shekara uku, kuma tun da na yi wayo hannuna na dama ne ke ɗaukar abin da ƙafar ta kasa ɗauka. Makonni 11 kafin wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni Ingila, santsi ya kwashe ni a kan matakala, ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye, kuma na dama. Ana gobe zan tashi likita ya duba hoton ƙashin ya ce, "Malam, ya kama, amma ɗorin bai ƙosa ba. Ka yi tafiyarka da sanda a hankali. Kada a danne wurin, kada a buge shi, kada a fizge hannun, har nan da wata guda ko biyu." Da wannan jawabi a kaina na karɓi gayyatar ɗan yayana da ke karatu a can, wanda ya dage sai na ga wurin da ɗalibai ke tara kuɗi domin zuwa.

Mutane kan haɗa nakasa da rauni su zuba a kwando ɗaya, su kira mai su "marar lafiya". Ga wanda yake ɗauke da su biyun a jiki guda, bambancinsu a fili yake. Ƙafata tsohuwar abokiyar zama ce. Na san nisan da za ta iya, na san irin matakalar da take ƙi, na san lokacin da za ta fara rawa. Shekara arba'in ba ta taɓa yi mini ba-zata ba. Ɗorin kafaɗa kuwa baƙo ne, ban san halinsa ba, kuma ba ya yin gargaɗi, domin ƙashi mai warkewa kan daina ciwo tun kafin ƙarfinsa ya dawo. Abin da ke kan faifai ba ƙarami ba ne: idan ƙashin ya sake tsinkewa, hannun da nake riƙe alli da shi da hannun da nake dogara sanda da shi duk ɗaya ne, ke nan zangon karatu guda zai same ni a zaune, ba rubutu, ba tafiya.

Tsarin dandalin ya san wannan bambanci. Suna da wani kati da suke kira Ride Access Pass, wanda ake nema ta intanet tun kafin ranar zuwa, tare da takardun shaida. Katin ba ya ba mutum damar tsallake layi. Lokacin da mutane ke ɓatawa a tsaye shi ma zai ɓata shi, sai dai a zaune a inda ya ga dama, sa'annan ya shiga ta wata ƙofa. Tushen irin wannan tanadi shi ne dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, wadda ta wajabta wa masu hulɗa da jama'a yin gyara gwargwadon hali domin masu nakasa. Tambayoyin da ake yi wa mai nakasa kuma na aiki ne: za ka iya shiga kujera ka fita? Za ka iya riƙe jikinka a miƙe? Idan jirgi ya tsaya a sama, za ka iya saukowa ta matakalar gaggawa? Duk waɗannan ina da amsarsu. Amma allon gargaɗin da ke bakin kowane babban lilo, mai magana a kan ciwon baya da na wuya da na zuciya da juna biyu da sabon rauni, ba ya neman amsa daga kowa. Ma'aikaci yana ganin sandata, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin rigata. Hukuncin ƙafa mu biyu muke yanke shi, ni da su. Na kafaɗa kuwa ni kaɗai aka bar wa.

Saboda haka na ajiye ma'aunin da yawancin baƙi ke amfani da shi, wato wane lilo ne ya fi ban tsoro, na ɗauki wani: a ina abin nan yake riƙe mutum, kuma ina yake jefa shi?

Muka fara da Nemesis, wanda aka buɗe a 1994, aka sabunta dogonsa aka sake buɗe shi a 2024. Taragun a ƙarƙashin dogo suke rataye, ƙafafun mahaya suna reto a iska, yana gudun da ya kai kilomita 80 a awa cikin ramin dutse, ya juya mutum sau huɗu. Ɗan yayana ya dube ni da murna ya ce, "Baffa, wannan kamar don kai aka yi shi. Ƙafa ba ta taka komai." Na ce masa, "Don ƙafar aka yi shi, ba don kafaɗar ba." Abin da ke riƙe mahayi wani kauri ne mai siffar takalmin doki da ake saukowa da shi ta kan kafaɗu a kulle a ƙirji, kuma daidai kan ƙashin da ya karye yake kwanciya. A wasu kwanonin nauyin jiki kan ninka fiye da sau uku. Na tsaya na kalli jirgi biyar suna wucewa, ina lura da yadda kafaɗun mutane ke bugun marikin a kowace juyawa, na ƙudurta cewa ba ranarsa ba ce.

Wannan ma'auni guda ya share mini rabin dandalin cikin minti kaɗan. Galactica, maƙwabcin Nemesis, kifar da mutum yake yi rub da ciki kamar tsuntsu, nauyin jiki duka ya sauka a ƙirji da kafaɗu. Rita daga tsaye yake fizgar mutum ya kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da rabi. Oblivion, na 1998, yakan riƙe taragu a bakin gangara na ɗan lokaci, fuskoki suna kallon baƙin rami, sa'annan ya sake su su faɗa kusan a miƙe, zurfin mita 55. Dukansu ta kafaɗa suke kama mutum.

A gaban The Smiler na fi daɗewa, kuma ba don ina shawarar hawa ba. Shi ne mai juyi 14, adadin da ya kafa tarihi a duniya lokacin da aka buɗe shi a 2013. Ranar 2 ga Yuni, 2015, tarago mai ɗauke da mutum 16 ya yi karo da wani fanko da ya tsaya a kan dogo. Kwamfutar jirgin ta gano matsalar ta dakatar da shi, injiniyoyi suka ɗauka kuskure ne suka ba shi hanya. 'Yan mata biyu kowacce ta rasa ƙafa ɗaya, an kuma shafe sa'o'i kafin a gama ciro mutane, kotu ta ci tarar kamfanin Merlin mai dandalin fam miliyan 5 a 2016. Wanda ya san wannan labari ba zai ɗauki tambayar matakalar gaggawa a matsayin cin fuska ba. Akwai masu nakasa da ke jin zafin a tambaye su ko za su iya saukowa da kansu, kuma na fahimci zafin, amma ni na fi son a tambaye ni a ƙasa da a gano amsar a sama.

Wanda ya fi wahalar yanke hukunci shi ne Wicker Man, jirgin katako na 2018. Ba ya juya mutum kai a ƙasa, yara masu tsawon mita 1.2 ma suna hawa, kuma ƙarfe ɗaya ne kawai ke danne cinya, ba abin da ke taɓa kafaɗa. A ido shi ne mafi sauƙi a cikin manyan. Sai dai jirgin katako girgiza gare shi, yana watsa mutum hagu da dama, kuma mahayi kan tokare ƙafafunsa biyu a ƙasan tarago ya daidaita kansa. Mai ƙafa ɗaya mai ƙarfi ba shi da wannan gata. Jikina ya saba, ba tare da ya shawarce ni ba, ya tura aikin ga hannun dama. A nan ne nakasar da raunin suka haɗa kai. Da ƙafar ce kaɗai da na hau, da kafaɗar ce kaɗai mai yiwuwa da na hau, amma su biyun tare sun hana. Babu allon gargaɗin da zai iya rubuta wannan lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A zaune a kan benci ina jiran ɗan yayana ya sauko, tunanina ya je wuraren wasan da ke cika maƙil a garuruwanmu lokacin bukukuwan Sallah. A can yaro mai sanda ɗayan biyu yake samu: ko mai kula da lilo ya kore shi da "kai ba za ka iya ba" tun bai buɗe baki ba, ko a ɗora shi a ɗaure da abin da ya samu ba tare da an tambaye shi komai ba. Nijeriya na da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, har da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika. Gangaren keken guragu a bakin ƙofa abu ne mai kyau, amma mai kula da lilo da ya san tambayoyi uku da zai yi wa yaro, ya kuma saurari amsa, ba ya bukatar siminti ko buhu ɗaya.

Daga ƙarshe Thirteen na zaɓa, na 2010. Dogonsa na ƙarfe ne mai santsi, marikinsa na cinya ne, ba ya kifar da mutum. Sirrinsa, wanda na bincika tun kafin in shiga layi domin mai ɗanyen ɗori ba ya son ba-zata, shi ne jirgin kan shiga wani ɗaki mai duhu ya tsaya, sai dogon da kansa ya rufta da shi ƙasa kimanin mita biyar, sa'annan ya koma da baya. Faɗuwa ce ta sama zuwa ƙasa, cinya da kujera ke karɓarta. Na miƙa sandata ga ma'aikaciya, na rungume hannun dama a ƙirji, na riƙe ƙarfe da na hagu. Da ƙasa ta buɗe a cikin duhun nan, salatin da na yi sai da ya sa baturen da ke bayana dariya. Na fito gwiwa tana rawa, kafaɗa lafiya lau. Wannan ba fatawa ba ce ga kowane mai karaya. Abin da hoton ƙashina da bakin likitana suka ba ni dama ke nan.

Sai kuma Hex, wanda ke cikin tsohon ginin kansa, aka kafa shi a kan wata tatsuniyar yankin: wai wata tsohuwa mai bara ta tare basaraken a hanya, ya hana ta sadaka, ta yi masa baki cewa duk reshen da ya faɗo daga wata bishiya sai wani nasa ya mutu, shi kuwa ya sa aka ɗaure rassan da sarƙa. Bishiyar mai sarƙa tana nan har yau a dajin da ke kusa da ƙauyen Alton. A cikin Hex benci ne ke ɗan lilo kaɗan, ɗakin da ke kewaye da shi ne ke juyawa gaba ɗaya, sai ido ya rantse wa ƙwaƙwalwa cewa an kifar da mutum. Na ga ƙarti sun ƙanƙame ƙarfe suna ihu a inda jariri ma ba zai faɗi ba.

Abin da ya fi gajiyar da ni a ranar bai da dogo ko mariki: tafiya ce. Keken sama mai ratayuwa a igiya, Skyride, shi ya ƙetarar da ni kwarin sau biyu, kuma daga cikinsa na ga lambun Charles Talbot yadda ya kamata a gan shi, da tafkunansa da hasumiyarsa irin ta Sin mai fesa ruwa. Matakalan da ke sauka cikin lambun na dutse ne, tsofaffi, masu tsayi, ranar kuma an yi yayyafi. Ɗan yayana ya sauka ya ɗauko mini hotuna, ni kuma na zauna a sama da kofin shayi, ina jin ihun mutanen Nemesis yana tasowa daga bayan itatuwa.