London Welsh: Ƙungiyar da Ta Koma Tushe

Tarihin ƙungiyar zari-ruga ta London Welsh yakan sa ni yin shiru in yi tunani a kan abin da ke riƙe ƙungiya. Mutanen Wales mazauna Landan ne suka kafa ta a 1885, domin su riƙa haɗuwa suna wasa da 'yan'uwansu. A 1971, lokacin da ba a biyan kowa albashi, 'yan wasanta bakwai suka shiga tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland da ta doke New Zealand, ciki har da kyaftin John Dawes.

Da aka halatta biyan 'yan wasa a 1995, sai lissafi ya canja. Ƙungiyar ta hau babban rukunin Ingila a 2012, ta kwashe wasanninta zuwa Oxford, nesa da magoya bayanta. A kakar 2014 zuwa 2015 ta sha kashi a duk wasanninta 22 na gasar. Bayan ta faɗo rukuni na biyu, bashi ya ci ta, aka cire ta daga rukunin a farkon 2017.

Waɗanda suka rage su ne masu yi don sha'awa. A filinsu na Old Deer Park suka sake farawa daga mataki na tara, suka haura sau huɗu a jere. Wannan sashe na labarin ya fi taɓa ni, domin an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A ganina, ƙungiya ta jama'arta ce, kuma su ne jarinta na gaskiya.