Ɗaci Daga Wuta, Ƙamshi Daga Sanyi

Yakima, Jihar Washinton, Amurka
Satumba

Auta,

Yaya ruwan saman Manchesta da ba ya ƙarewa? Mu nan ƙalau muke, sai dai aiki ya sha mana kai, don muna tsakiyar kakar hof, furen nan da ake sa wa giya. Tun ƙarshen Agusta injunan tsinka da na busarwa ba su huta ba, dare da rana. Wajen kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka daga kwarin nan yake fita, kuma dole a kwashe shi duka cikin 'yan makonni. Shi ya sa amsarka ta yi jinkiri.

Bayan haka, na karanta labarin giyarka. Ka ce ka sayi hof iri biyar masu tsada, ka juye su duka a tukunya tun farkon tafasa, suka yi awa guda a kan wuta. Ka yi ta jira, da ka buɗe kwalba sai ɗaci mai shaƙe maƙogwaro, ƙamshin mangwaron da aka rubuta a jikin leda kuwa ko sama ko ƙasa. Kana tambaya ko jabu aka sayar maka. Ba jabu ba ne. Kai ka kori ƙamshin da kanka, ya bi tururi ya fice ta taga, maƙwabta suka shaƙa kyauta.

In shagonku yana da busasshen hof wanda ba a niƙa ba, ka ɗauki kai ɗaya ka tsaga shi da farce. A gindin kowane ɗan ganye za ka ga wani gari rawaya mai danƙo, yana manne wa yatsa. Lufulin kenan, kuma shi ka biya kuɗi dominsa, sauran duk ganye ne. Ka murza shi a tafin hannu har ya yi ɗumi, ka kai hanci. Haka masu dafa giya suke yi in sun zo nan zaɓe da kaka: su jeru a gaban tebur, su murza, su shinshina, su ce na gonar nan muke so, na waccan a bar shi. Kafin azahar tafin hannun kowa ya koma kore, sabulu ma sai ya yi da gaske.

Abu biyu ne a cikin garin nan, kuma halinsu ya saɓa. Akwai ƙaro mai ɗauke da alfa asid, wanda ba ya narkewa sosai a ruwa, ba ya kuma ba da ɗacin kirki sai wuta ta juya shi. Ko da tafasar awa guda, abin da ke shiga giya wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sannan akwai mai, wanda shi ne ƙamshin. Shi kuwa ba ya shiri da wuta ko kaɗan, mafi yawansa 'yan mintuna cikin tafasa ya tashi. To ka ga abin da ɗayan yake so shi ne ajalin ɗayan. Ka tuna Mama ba ta jefa ɗoɗɗoya a farfesu sai za ta sauke tukunya. Haka za ka riƙa yi da duk hof ɗin da kake son hancinka ya ji.

Ga yadda nake tsara lita 20 ta pale ale. Da ruwan tsiron ya fara tafasa, na zuba giram 20 na Magnum, ɗan Jamus ne, alfarsa wajen kashi 13 cikin ɗari, ɗacinsa wankakke, ba ya kawo wani ɗanɗano na daban. Wannan zai ba ka IBU wajen 30. IBU shi ne ma'aunin ɗaci, kuma pale ale ta Sierra Nevada, wadda kusan kowa ke kwatance da ita, 38 gare ta. Daga nan ba na ƙara komai har awa ta cika. Na kashe wuta, na bari zafi ya sauka zuwa digiri 80, na zuba giram 60 na hof ɗin ƙamshi, na juya, na rufe, minti 20. A wannan zafin mai yana fita daga gari ba tare da ya gudu duka ba, ɗacin da ke ƙaruwa kuma kaɗan ne, shi zai cike maka gurbin da ya rage. Sai a sanyaya da sauri a zuba yis. Kaso na uku sai yis ya gama aikinsa, zan zo kansa.

Ka riƙa duba lambar alfa a jikin kowace leda, kar ka bi giram ɗin da wani ya rubuta a littafi ido rufe. Giram 20 na hof mai alfa 6 da giram 20 na mai alfa 12 ba ɗaya ba ne, na biyun ninki biyu ne a ɗaci. Ko iri ɗaya ma lambar na sauyawa daga kaka zuwa kaka.

Batun zaɓe kuwa, shawarata ka ajiye iri biyar ɗin nan, ka kama guda ɗaya ka san shi. Ka fara da Cascade. A 1972 aka fitar da ita daga shirin kiwon iri na ma'aikatar noma ta Amurka a Oregon, kuma jinin Fuggle ta can Ingilarku ne a jikinta. Sai da Ken Grossman ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya a 1980 ya gina giyarsa a kanta, sannan mutane da yawa suka gane ashe giya na iya ƙamshin ɓawon lemo da fure. Duk wannan guguwar giya mai hof da kake gani a shagunanku, can ne ɗaya daga cikin tushenta. Cascade tana da haƙuri da ɗan koyo: in hannunka ya zarce ba ta cizo sosai, kuɗinta kuma da sauƙi.

In ka yi tukunya da ita kaɗai, ka sake wata da tsiro iri ɗaya, yis iri ɗaya, ka canza hof kawai. Centennial ta fi ta ƙarfi, ta fi ta lemon tsami. Citra, wadda ta fito wajen 2008, ita ce mai mangwaron da kake nema. Simcoe tana kawo ƙamshin itacen fayin, amma wasu hancin fitsarin kyanwa suke ji a cikinta, kuma ba ƙarya suke yi ba. Mosaic 'yarta ce, ta 2012. Ni a ganina an cika zuzuta Citra. Tana da daɗi, ba musu, amma yanzu ka shiga mashaya ka ɗanɗana giya shida, duk bakinsu ɗaya. Kai da ke zaune a ƙasar Goldings da Fuggle, kar ka raina na gida. Ƙamshinsu a natse yake, na ƙasa da ganyen shayi da ɗan zuma, ba sa ihu. Ka gwada Cascade da aka noma a Ingila ma, za ka ji ta fi tamu ta nan laushi, alhali iri ɗaya ne, ƙasa da rana ne suka bambanta. Sai ka san muryar kowanne sannan ka fara haɗa biyu. Wuce uku kuwa galibi sai su danne juna, a rasa wa ke magana.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne shekarar girbi. Tsohuwar Citra da ta kwana a kanta cikin zafi, sabuwar Cascade ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka sayi niƙaƙƙen hof da aka dunƙule ƙanana, cikin ledar azurfa da aka zuƙe wa iska, daga shagon da ke ajiye shi a firiji. In babu shekara a jiki, ka tambaya, in mai shago ya fara kame-kame ka yi gaba. Namu na arewacin duniya a Satumba ake girbe shi, na Ostareliya da New Zealand wajen Maris. Da ka yanka leda ka kai hanci. Kore shar mai ƙamshin 'ya'yan itace, madalla. In ya yi ruwan ƙasa yana warin cuku, iska ta gama da shi, kwandon shara ne makomarsa. Wani lokaci kuma za ka ji albasa ko tafarnuwa, wannan ma kar ka sa shi a kason ƙamshi. Ragowar ka matse iskar, ka naɗe, ka jefa a firiza.

Yanzu kaso na uku, jiƙon sanyi, wanda shi ne ke sa ƙamshi ya tarbe ka tun kofi bai kai baki ba. Bayan kumfa ta kwanta, ka zuba giram 80 zuwa 100 a cikin lita 20 ɗin, cikin jakar raga da ka tafasa, kwana biyu ko uku. Ba sai mako biyu ba, man yana fita da wuri, abin da ke biyo baya ɗanɗanon ciyawa ne. Kuma kar zari ya ɗebe ka. Tom Shellhammer da ɗalibinsa Scott Lafontaine na Jami'ar Jihar Oregon sun gwada Cascade a ma'auni daban-daban, suka ga daga giram 8 a kowace lita zuwa sama ƙamshin lemo ba ya ƙaruwa yadda kuɗin ke ƙaruwa, sai dai giyar ta karkata zuwa ganye-ganye. Tsakanin 4 da 8 suka ba da shawara. Ga shi kuma hof yana shanye giya, duk abin da ka ƙara sai ya rage maka kwalba.

A wannan gaɓar iska ce babbar abokiyar gaba. Na san halinka, za ka so buɗe murfi safe da yamma kana leƙe. Kar ka yi. Buɗe sau ɗaya, zuba, rufe. Ranar ɗura wa kwalabe, bakin tiyo ya taɓa gindin kwalba, giya ta hau a hankali ba fantsama. Iskar da ba ta kai a zo a gani ba ta isa ta mayar da giya mai ruwan zinariya ta yi duhu, ƙamshin ya mutu, ta koma ɗanɗanon kwali. Shi ya sa ban so ka fara da irin mai hazo ɗin nan da ake yayi, ita ta fi kowace saurin lalacewa a kwalba. Kwalaben kuma su zama masu ruwan ƙasa. Hasken rana yana ratsa fara da koriya, ya fasa sinadarin ɗacin, cikin ɗan lokaci giya ta ɗauki wani wari mai tayar da zuciya.

Akwai wani makirci na hof da ba kowa ke faɗa wa ɗan koyo ba. Yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa ragowar sitacin da yis ya kasa ci, su mayar da shi sukari. Sai yis da ka ɗauka ya yi barci ya farka ya ci gaba da aiki. In hakan ta faru a cikin kwalba rufaffiya, ko dai giya ta yi tsiri har silin ranar da ka buɗe, ko kwalbar ta tarwatse a kabad. Don haka bayan ka cire jakar hof, ka auna da ma'aunin kauri, ka bar kwana uku ka sake aunawa. Sai lamba ta tsaya cak sannan ka ɗura. In ta nuna kuma ka sha ta cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wannan ba giyar ajiya ba ce.

Ruwan famfonku daga tafkunan Lake District ake jawo shi, kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa. Garin Burton da ya yi suna da pale ale kuwa ruwan rijiyoyinsa cike yake da jifsom, shi ke sa ɗaci ya fito tsaf ya wuce, bai tsaya yana damun harshe ba. Ka zuba giram 4 ko 5 na jifsom a lita 20, da rabin ƙwayar Campden don kashe kulorin.

Ka tambaya ko za a iya shuka hof a Jos tunda akwai sanyi. Matsalar ba ta zafi kaɗai ba ce, tsawon yini ne. Hof yana son dogayen ranakun bazara, awa 15 ko fiye, ya hau igiya har mita biyar da wani abu, sannan ya yi fure in yini ya fara raguwa. Galibi tsakanin digiri 35 da 55 daga tsakiyar duniya ake noma shi. Mu nan muna 46, Jos tana wajen 10, inda yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, sai ya yi fure tun yana guntu. Manoman George a Afirka ta Kudu, da suke 34, sai da suka kunna fitilu a gona kafin su samar da irin da ya saba da ƙasarsu. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoninmu suka koma dawa, masu bincike a jami'o'i sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hof. Ɗaci kam suna bayarwa, ƙamshin ne babu. Wani aikin hof kuma shi ne hana ƙwayoyin tsami yaɗuwa. Burkutun Kaka babu shi a ciki, tsamin ma shi ake so, shi ya sa in ta sauke dole a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abokin aikinka da ka ce ƙamshin ya burge shi amma addininsa ya hana shi giya, kar ka matsa masa. Ka jiƙa masa giram biyu ko uku na Citra a lita ɗaya ta ruwan sanyi da ɗan matsin lemon tsami, ya kwana a firiji, ka tace ka haɗa da ruwan soda. Ba yis, ba sukari, ba abin maye. Nan har a gwangwani ake sayar da irinsa.

Ka kuma san dokarku: tun 1963 an yarda mutum ya dafa ta shansa a gida ba lasisi, amma sayarwa laifi ne, ko kwalba ɗaya. Tukar hof da ka tace kuma kar ka zubar inda karenku zai kai baki, guba ce gare su, tana sa jikinsu ya ɗau zafi har ta kai ga mutuwa. Ka ɗaure ta a leda ka kai bola ta waje.

Don Allah kar ka sake sa hoton tukunya a zauren gida na WhatsApp. Ka san Mama da 'yan zumuntar mata, ni aka kira aka yi wa faɗa har kati ya ƙare. Ka gaishe da amarya da yara, ka ce wa babban ina jiran sakamakon jarabawarsa. In ka sayi Cascade ɗin, ka turo min lambar alfa da shekarar da ke jikin ledar kafin ka ɗora tukunya, in gyara maka giram ɗin.

Naka,
Yaya