Daɓen Tsakar Gidanmu

Ranar da Kaka ta faɗi a tsakar gida ba na nan, ina makaranta. Ƙanwata ce ta bugo mini waya, ta ce da asuba Kaka ta fito da butarta za ta yi alwala, sai ƙafarta ta faɗa wani rami kusa da rariya, gansakuka ta kwashe ta. Allah ya tsare babu karaya, targaɗe ne a wuyan hannu, amma ta yi mako uku ko ludayi ba ta iya ɗagawa.

Gidanmu yana Sabo ne a Ibadan, unguwar da aka kafa wa Hausawa tun 1916. Duk wanda ya zauna a nan ya san damina ba ta yi mana da wasa, tun daga Maris ake sheƙa ruwa har Oktoba. Daɓen simintin da ke tsakar gidan ya girme ni, ga ruwan indararo, ga ruwan wanki, ga turmin Inna, har ya zaizaye tsakuwa ta fito fili.

Da aka ba mu hutu sai na ce ni zan gyara. Na sayi rabin buhun siminti da ɗan abin da na tara, na share yashin bakin titi na kwaɓa, na shafe wurin da tsakar rana, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Na bar shi rana ta busar, ina ta yi wa ƙannena alfahari. Ba a yi mako biyu ba ya tsattsage, ya riƙa ɓamɓarowa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Baba bai ce mini uffan ba, wanda hakan ya fi faɗa ciwo.

Sai ya kira wani tsohon birkila Bayarabe, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Dattijon ya bi wurin yana ƙwanƙwasawa da guduma, duk inda ya ji ƙara kamar ta ganga sai ya zana da gawayi.

"Ɗalibi, wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, gobe kai ne leburana."

Buhu huɗu ya ce a sayo, domin a gyara daga ƙofar ɗakin Kaka zuwa rariya, kuma sai da Inna ta sayar da akuyarta aka cika kuɗin. Wannan ne ya sa na kasa kunne sosai. Kwana guda cur muka yi muna sassare tsohon daɓen don ya yi kaushi, muka wanke ƙura da maiƙo da gansakuka, muka jiƙa shi ya kwana. Ya ce busasshen kankare mai ƙishirwa ne, idan ka ɗora masa sabon kwaɓi sai ya zuƙe ruwan kafin su kama juna. Yashina kuwa dariya ya yi masa, wai rabinsa laka ce. Ya sa aka kawo yashin rafi mai tsini, kwanon sarki uku ga kwano ɗaya na siminti, ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula zai tsaya. Da sassafe muka goga ruwan siminti mai kauri kamar kunu, tun bai bushe ba muka zuba kwaɓin, kaurin inci ɗaya da rabi, ya bi da katako yana karkatar da shi wajen rariya don kada ruwa ya kwanta. Bai sulɓe saman da cokali ba, da gangan ya bar shi da ɗan kaushi saboda tsohuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke ƙarfafa shi, kuma sai ya kai kwana 28 yake kusan cika ƙarfinsa. Ni kuwa rana na bai wa nawa! Muka rufe wurin da tsofaffin buhunan algarara na goron Baba, aka ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Kaka ce ta karɓe wannan aiki da hannunta mai lafiya. Tana yayyafi tana ba ni labarin yadda suke daɓe a ƙauyensu na ƙasar Kano: mata su taru, a baza marmara, a yayyafa ruwan makuba da ake jiƙawa daga kwasfar ɗorawa, kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa ana habaici ga kishiya. Ni da na rubuta jarrabawa a kan waƙoƙin daɓe a darasin adabin baka, ban taɓa tunanin in tambaye ta ba. Na ɗauko littafina na zauna a bakin ƙofa, na cika shafi shida kafin ta ce ta gaji. Ta kuma yi mini gyara a wurare biyu da na kwafo a aji.

Daɓen ya ga damina biyu yanzu bai tsage ba. Aibinsa ɗaya, a daren farko kazar Inna ta tsallake buhunan ta bi ta gefen rariya, sawunta guda biyar suna nan har yau, kuma da su Kaka take gane inda za ta ajiye butarta.