Ziyara Ga Babannin Sarkin Sin

Duk Bahaushen da ya sauka a Beijing, ɗan kasuwa ne da ya hauro daga Guangzhou ko ɗalibi, wuri biyu ake fara kai shi: Babbar Ganuwa, da tsohuwar fadar sarakuna da ake kira Haramtaccen Birni. Na je duka biyun, kuma sun isa a je musu. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai ba kasafai ake kai baƙo ba. Wani lungu ne a unguwar Moshikou, can yammacin gari a gindin duwatsu, inda aka binne wani babban baba, wato irin mazan nan da ake yi wa fiɗiya don su yi hidima a cikin gidan sarki. Sunansa Tian Yi, ya rasu a 1605, kuma a harabar kabarinsa ne Sinawa suka buɗe gidan tarihin babanni a 1998.

Wani yaro ɗan Zariya mai karatun likita ne ya yi mini jagora. Muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa har muka kusa fita gari, sannan muka taka. Moshikou tsohuwar hanyar fatake ce, ta nan raƙuma ke sauko da gawayin ƙasa daga duwatsu zuwa cikin birni a zamanin da. Yanzu an gyara titin, ga masu sayar da shayi da kayan ƙwalama, in ba ka lura ba sai ka wuce ƙofar ba ka sani ba.

Da shigarka sai hayaniya ta yanke. Gumakan dutse biyu ne ke tsaye suna fuskantar juna, ɗaya cikin shigar malamin fada, ɗaya cikin sulken yaƙi, kowannensu ya fi mutum tsawo. Gaba kaɗan akwai rumfuna uku masu allunan dutse da aka sassaƙa umarnin sarki a jiki, daga nan sai kaburbura biyar, na Tian Yi da na wasu babanni huɗu da aka binne a gefensa daga baya. Na daɗe a tsaye ina kallon sassaƙar da ke jikin duwatsun, zakuna da barewa da furanni, aikin da ya haura shekara 400 amma har jijiyar ganye kana gani. Ana sauka cikin ramin kabarin ta wata matattakala mai sanyi da duhu. Ɓarayi sun riga kowa, tun bayan faɗuwar sarauta suka yashe abin da ke ciki.

Tian Yi yana ɗan shekara tara aka yanke shi aka kai shi fada. Ya yi wa sarakuna uku na daular Ming hidima, har ya kai ga riƙe hatimin ofishin da takardun sarki ke bi ta cikinsa, muƙamin da babu baban da ya wuce shi. A 1602 sarki Wanli ya kwanta ciwo, ya zaci tafiya ce ta zo, sai ya ba da umarni a soke harajin ma'adinai da ya addabi talakawa. Washegari da ya ji sauƙi sai ya ce a dawo masa da takardarsa. Babban waziri ya miƙa ba musu. Tian Yi ne ya tsaya ya yi ta jayayya da sarki, har sarki ya fusata ya nemi ya sare shi da hannunsa, amma bai ja da baya ba. Daga bisani ya tari wazirin ya gaya masa cewa tsoronsa ne ya jawo wa jama'a. Wannan labari yana cikin tarihin daular da Sinawa suka rubuta da kansu.

Ɗakunan nunin kaya suna gefe, ƙanana ne, ba wani ƙawa. A ɗaya daga ciki an ƙera mutum-mutumi na yadda ake aikin: yaro a kwance an danne shi, wanzami a tsaye da wuƙa mai lanƙwasa. Abokin tafiyata, duk da ya saba da ɗakin fiɗa, sai da ya kau da kai.

"Malam," ya ce, "ka san a nan ba 'ya'yan maraina kaɗai ake cirewa ba? Gaba ɗaya ake shafewa."

Haka ne. Bayanin da aka fi yawan kafa hujja da shi na wani Baturen Ingila ne mai aikin kwastan a ƙasar Sin, George Carter Stent, wanda ya wallafa a 1877. Ya ce akwai masu wannan sana'a a kusa da ƙofar fada, gado suke yi, kuma kafin a sa wuƙa sai an tambayi mutum ko zai yi da-na-sani. Bayan yanka a toshe mafitar fitsari, a hana shi ruwa kwana uku, in an cire toshiyar fitsari ya zubo to ya tsira. Abin da aka yanke kuwa ba a yarwa. A tulu ake adana shi, domin da shi baba ke nuna shaida in za a ƙara masa girma, kuma da shi ake binne shi don ya koma ga kakanninsa a cike. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Melissa Dale, wadda ta yi shekaru tana bin takardun fadar daular Qing, ta ja hankalin masana cewa Stent ji ya yi ba gani ba, don haka a riƙa auna maganarsa. Littafinta ya fito a 2018, kuma abin da ya bambanta shi shi ne ta nemo muryar ƙananan babanni daga takardun shari'a: wanda ya gudu daga fada, wanda aka kama da caca, wanda duka ya ishe shi.

Tambayar nan da wanzami ke yi ita ce ta fi damuna, kuma ita ce masana suka fi kai-kawo a kanta. A daular Usmaniyya bayi ake kamowa a yanke, babu zancen yarda. A Sin kuwa, musamman daga tsakiyar zamanin Ming, da yawa su suke kai kansu. Sarakuna sun sha kafa dokar hana mutum yanke kansa ko ɗansa, doka tana fita ana ƙara yi, har maza suka riƙa taruwa a ƙofar fada dubbai suna neman a ɗauke su, a ɗebi kaɗan a kori sauran. Wei Zhongxian, baban da ya kusa mallake daular kafin mutuwarsa a 1627, da girmansa ya miƙa kai, har da mata da 'ya, bashin caca ne ya kore shi daga gida. To wannan zaɓi ne ko tilas? A zamanin Qing yawancin babanni daga wasu gundumomi matalauta na kudancin Beijing suke fitowa, irin su Hejian. In mutum ɗaya ya dawo ƙauye a kan doki da bayi a bayansa, iyaye goma sun ga hanya. Ni dai a ganina, yardar da yunwa ta sa hannu a kanta sai a yi hattara kafin a kira ta yarda.

Babu labarin da ya fi nuna haka kamar na Sun Yaoting, baba na ƙarshe na fadar Sin. An haife shi a 1902 kusa da Tianjin. Mahaifinsa ne ya yanke shi a gida da aska, yana ɗan shekara takwas, don babu kuɗin biyan wanzami. Bai gama warkewa ba labari ya iso ƙauye cewa sarki ya sauka daga mulki, a farkon 1912. Duk da haka ya samu shiga fada daga baya, ya yi wa matar Puyi, sarkin da ya sauka, hidima, domin an bar tsohon sarkin da iyalinsa a ciki har 1924. A lokacin rikicin siyasar da ake kira Juyin Al'adu danginsa suka tsorata suka jefar da tulunsa, kuma marubucin tarihin rayuwarsa, Jia Yinghua, ya ce wannan na cikin abu biyu da ke sa tsohon kuka in ya tuna. Ya rasu a wani ɗakin ibada a Beijing a 1996.

Gidan tarihin bai tsaya ga ban tausayi ba. Ya jera waɗanda suka yi suna: Cai Lun, wanda ake danganta wa ƙirƙiro takarda a shekara ta 105, da Zheng He, ɗan gidan Musulmi daga Yunnan wanda ya jagoranci jiragen ruwan Sin sau bakwai tsakanin 1405 da 1433 har suka kai gaɓar gabashin Afirka. Miyagun ma ba a ɓoye su ba.

Da muka zauna a inuwa, ɗan Zariya ya shiga ba ni nasa ɓangaren, na likitoci. Wani Bajamushe, Ferdinand Wagenseil, ya auna babanni 31 a Beijing wajen 1930. A 1960 kuma likitan Sin Wu Jieping da abokin aikinsa suka duba 26 da suka rage, suka tarar cewa a jikin 21 daga cikinsu ƙululun nan na ƙasan mafitsara da ke kumbura wa tsofaffin maza ya motse har ba a jin sa da hannu. Wannan ya dace da abin da Charles Huggins ya gano a Amurka a 1941, cewa sankarar wannan ƙululu da sinadarin maza take rayuwa, in an yanke mata shi sai ta lafa. Ya samu kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe da wannan hanya ake jinyar dubban maza, galibi da allura maimakon wuƙa. Sai dai akwai farashi: ƙashi na yin taushi, baya na rankwafawa, ƙirji na tasowa, irin abin da aka gani a jikin babannin da. A Koriya kuma, wani bincike na 2012 ya bi kundin zuriyar babannin fadarsu, domin su suna aure suna ɗaukar 'ya'yan riƙo. Cikin mutum 81 an samu matsakaicin shekarunsu 70, sun fi sauran maza masu irin matsayinsu da shekara 14 zuwa 19, uku ma sun kai 100.

"To yanzu ai an daina," na ce.

Ya yi murmushi. "A fada an daina, Malam."

Ashe akwai masana da suka shafe shekaru suna nazarin mazan wannan zamani, mafi yawa a Amurka da Turai, waɗanda lafiyarsu ƙalau amma suke neman a yi musu fiɗiya. Fitattu a fagen su ne Richard Wassersug, masanin halittar jiki a Kanada, wanda shi kansa jinyar sankara ta raba shi da sinadarin maza har ya fito fili yana kiran kansa baba, da Thomas Johnson, masanin al'adu a Kalifoniya. Tun wajen 2007 suke wallafa sakamakonsu. Sun tarar dalilan ba ɗaya ba ne. Wani sha'awa ce ta fi ƙarfinsa yake son ya huta, wani gaɓar ce yake jin ba tasa ba ce, wani kuma cewa yake shi ba ya jin kansa namiji kuma ba ya son zama mace. Sun lura da yawa sun tashi a gona suna ganin ana dandaƙe dabbobi, ko an taɓa yi musu barazanar yanka suna yara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, da yake likitoci na ƙi, da dama suna yi wa kansu ko su je wurin wanda bai san aikin ba, su ƙare a ɗakin gaggawa. A kan wannan hujja ce ƙungiyar WPATH, ta masu kula da lafiyar masu sauya jinsi, ta sa babi na musamman kan babanni a ƙa'idojinta na 2022, ta ɗauke su a matsayin jinsi mai zaman kansa. An yi ca a kanta, kuma masu suka suna da abin faɗa, tunda yawancin bayanan daga mutanen da suka kawo kansu ne suka amsa tambayoyi ba tare da an san ko su waye ba.

Matsayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Musulunci ya hana, an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarje wa sahabban da suka nemi haka don gudun sha'awa ba. Kuma ban ga yadda za a haɗa Sun Yaoting da mutumin da ya ƙoshi ya zaɓa da kansa a ce abu ɗaya ne ba. Babannin Sin ba sabon jinsi suka je nema ba, tuwo suka je nema, shi ya sa suke ɗaukar 'ya'ya, suke zama da kuyangin fada kamar mata da miji, suke kuka a kan tulu. Amma ƙin abu daban, sanin sa daban. Likitan da irin wannan mutum zai faɗo wa cikin dare jina-jina gara ya san me ke damunsa.

Abin da ya burge ni da Sinawa ke nan. Wannan ba tarihin alfahari ba ne, amma ba su share shi ba. Sun bar kabarin, sun ajiye wuƙar, sun buɗe takardun fada ga masu bincike na gida da na waje. Mu ma fa muna da namu. Tarihin Kano ya ambaci Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da fara ba babanni muƙamai, kuma alhazanmu na da sun san babannin da ke hidimar Masallacin Annabi a Madina. Amma in kana neman zurfin bayani kan na fadar Kano, sai ka koma ga baƙi irin su Heidi Nast da Sean Stilwell. Ɗalibanmu na tarihi da ke neman abin rubutawa, ga fili nan, kuma tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani suna ta ƙarewa.

Wanda Allah ya kai shi Moshikou, kada ya juyo daga kabarin. Ya ƙara hawa tudu kaɗan zuwa ɗakin ibada na Fahai, inda zanen bangon zamanin Ming yake nan da launinsa, ana shiga da tocila don ba a kunna fitila a ciki. An gama ginin a 1443, kuma wanda ya tara kuɗin aikin, Li Tong, shi ma baba ne.