Daga tandun kwalli zuwa gashin ido na kanti

A Dutsi ta da, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, kwalliyar ido ba ta wuce tandu da tsinke ba. Ɗan koli ya kawo kwalli ran kasuwa, a niƙa shi ya yi laushi, a ɗura a tandun fata. Da hantsi, in an gama aikin gida, mace ta jawo madubi ta rambaɗa abinta. Jariri ma tun kafin suna ake zizara masa.

Kwallin nan yana da nasa laifin. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Amma ta wani fannin iyayenmu sun yi daidai: gashin idon kansa ba mai taɓa shi.

Gashin kai yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, shi ya sa ake samun na kitso. Na ido kuwa wata ɗaya ne zuwa biyu ya tsaya, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Kowane sili da lokacinsa, don haka a fatar ido ɗaya akwai ɗan jariri, akwai ƙosasshe, akwai mai shirin faɗuwa.

Yau da wuya a yi kamun amarya ba a manna mata na kanti ba, kuma a nan ake gane mai kwalliyar da ta iya. Ita ƙosasshen sili take zaɓa, ta ware shi daga 'yan'uwansa, ta ɗora masa ɗaya mara nauyi, ta bar 'yar tazara kada gam ya taɓa fata. Mai gaggawa takan haɗe uku ko huɗu wuri guda. Ranar da tsohon cikinsu ya tashi faɗuwa sai ya fizgo masu tsiro, ga ƙaiƙayi, ga kumburi, wani lokaci har da hazbiya. Gam ɗin ma ɗan gidan su Super Glue ne, tururinsa kaɗai yakan sa ido ya yi ja.

Bayan mako biyu ko uku gibi zai bayyana, domin na Allah yana zuba da na kantin a bayansa. Lokacin ne 'yan mata kan sa farce su tsige ragowar a gaban madubi, maimakon a koma wa mai kwalliya ta narkar da gam ɗin, sai a yi wata biyu ana jiran tsiro.