Lambun Kew: Inda Aka Gina wa Bishiyoyi Gidan Gilashi

Jirgin ƙasa na layin District zai sauke ka a tashar Kew Gardens, a kudu maso yammacin Landan, sai ɗan tattaki zuwa ƙofar lambun da ke bakin kogin Thames. Gimbiya Augusta ce ta assasa shi a 1759, a 2003 kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Na fara da Palm House, ginin ƙarfe da gilashi da aka kammala a 1848, mai siffar jirgin ruwa da aka kife. A waje sanyi na ratsa ƙashi, amma ina tura ƙofa sai ɗumi da laima suka mamaye ni, zufa ta keto. Ga kwakwar manja, ga ayaba, ga koko da bishiyar roba, kowace da ɗan allo mai ɗauke da sunanta da asalinta. A gefe guda akwai wata tsohuwar shuka da aka kawo daga Afirka ta Kudu tun 1775. Har yau tana cikin tukunya, ta karkace don tsufa, an tokare ta da sandunan ƙarfe. Masu lambu sun zo sun shuɗe, kowa na miƙa amanarta ga na bayansa.

Aikin Kew ya wuce yawon shan iska. A 1876 aka kwaso irin roba kusan 70,000 daga Brazil, aka tsirar da wasu a nan, aka tura dashen zuwa Asiya, kasuwar roba ta suɓuce wa Brazil. A nan kuma J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya yi aikin tantance tsirran Afirka ta Yamma tare da John Hutchinson.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wahalar da ake sha kafin a rayar da bishiya ɗaya a nan: dumama gini, feshin ruwa, kulawa rani da damina. Mu kuwa Allah ya ba mu kuka da ɗorawa da tsamiya kyauta, muna sare su muna ƙona gawayi. Ya kamata kowane babban birninmu ya keɓe lambun da zai adana su, yara su je su san sunayensu da amfaninsu.