Daga Maxim zuwa AK-47

Jama'a, duk sanda aka nuno bidiyon 'yan bindiga, ga yaro ɗan sha biyar rataye da AK-47, tambayarmu ɗaya ce: ina suka samo? Ni kuma abin da ke damuna, me ya sa yaro ke iya sarrafa ta?

Bindigogi masu ɗura kansu ba iri ɗaya ba ne. Wasu da naushin baya suke aiki: harsashi na fita, bututun kansa ya ja baya kaɗan, ya tofar da kwanso, ya ɗauko sabo. Haka Maxim take, ƙirar 1884, wadda Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Ta haura kilo 25, ga ruwan sanyaya bututu, ga ƙafafun girke ta, sai mutum uku ko huɗu sun taru a kanta. Kayan hukuma ce, ba ta ɗan fashi ba.

AK kuwa hayaƙin albarushi ake tatsa ta wata 'yar huda a jikin bututu, ya tura fistan baya. Bututu na nan daram. Ba ta wuce kilo 5 ba, kuma Kalashnikov ya bar sarari tsakanin sassanta, shi ya sa ƙurar daji ba ta cika shaƙe ta ba. Ɗan mai da tsumma, shi ke nan fa.

Don haka idan an yi sulhu aka jera bindigogi gaban kyamara, wallahi ba ya burge ni. Abin da take ci, harsashi 7.62, ba a daji ake ƙera shi ba. A gaya mana ta wace hanya yake shiga, kuma wa ke sayarwa.